Ƙofar da Persis Ta Hana a Kulle

Persis ba ta taɓa shiga kwalekwale don nishaɗi ba. Duk bazara, idan baƙi suka iso gaɓar garinmu da fuskoki a ƙone da kaya masu launi, takan tsaya daga inda take shanya kifi ta kalle su, ta ce da ni, "Malamar Ruwa, dubi ikon Allah. Mutum ya biya dala dubbai don ya jiƙe ya kwana a kan tsakuwa. Ni na yi shekara saba'in ina yin haka kyauta, ko hoto ba wanda ya ɗauke ni." Amma ita ce kuma ta ɗauki nauyin ɗakin da ke ƙasan Maƙoshi, wanda yawancin masu shigarsa waɗannan baƙin ne.

A taswira an rubuta wa koginmu Drummock, sunan wani mutum da bai taɓa ganinsa ba. Mu Kogi kawai muke ce masa. Yana tasowa daga duwatsun gabas inda itace ba ya tsirowa, ya yi arewa maso yamma, babu titi babu gada a kansa har inda ya ƙare. Daga sama ruwansa garau yake, kana ganin tsakuwar ƙasa. Sai ya biyo ta gaɓar yumɓu ya koma launin shayi da madara. Jirgin sama mai sauka a ruwa yakan ajiye masu kwalekwale a tafkin da ke can kansa, su yi ta gangarowa wajen mako biyu kafin su iso mu. Wuri ɗaya ne a duk tafiyar yake neman ran mutum. Kusan yini guda a jirgin inji sama da gari, kogin yana matsewa tsakanin bangon baƙin dutse guda biyu, ya yi ta tafasa. Nan ne Maƙoshi. Akwai hanya ta tudu inda ake ɗaukar kwalekwale a kafaɗa a kewaye shi, akwai kuma masu bi ta ciki.

Na yi shekara talatin ina auna ruwan kogin nan, aikin da ya kawo ni arewa ke nan bayan na gama jami'a, kuma shi ya sa Persis ta laƙa min suna. Ko a tsakiyar bazara ɗumin ruwan ba ya wuce digiri biyar ko shida. Wanda ya faɗa ciki, ba numfashinsa ne ke fara tafiya ba, yatsunsa ne. Zai iya fitowa da ƙafarsa, da hankalinsa, amma hannuwansa sun zama kamar na aro.

Lazarus, mijin Persis, shi ne ya gina ɗakin da gungume, a gaɓar dama, daidai inda ruwa ke juyawa ya tofo duk abin da Maƙoshi ya haɗiye: filafili, takalmi, tukunya, mutum. A tanti aka haifi Persis, sama da wurin kaɗan. Tana da shekara bakwai aka ɗauke ta zuwa makarantar kwana a kudu, ta dawo budurwa da rabin harshenta. Ba ta son zancen makarantar. Abin da na taɓa ji daga bakinta kawai shi ne ƙofofin can daga waje ake kulle su. Ta auri Lazarus, suka yi ɗana tarko tare, ta haifi huɗu, ta binne ɗaya. Da Lazarus ya rasu ba wanda ya ce mata ta ci gaba da kula da ɗakin. Ci gaba kawai ta yi, sau uku ko huɗu a shekara, ɗanta Amos na kai ta.

Ƙa'idar ɗakin daji kowa a nan ya san ta, amma Persis ta fi kowa tsanani a kai. Ba a kulle ƙofa. Sakatar katako ce da ake ɗagawa da gwiwar hannu, ƙofar kuma ciki take buɗewa, don wanda ya faɗa mata da kafaɗa ya samu kansa a ɗaki. Kafin ka fita, ko da shayi kawai ka sha, sai ka shirya wuta a murhu: ɓawon itace a ƙasa, sai ƙirare da aka fere da wuƙa har suka yi gashi, sai manyan itace, yadda ashana ɗaya za ta isa. Ita ashanar ba a barin ta kwance a kwali. Ana tsayar da 'yan ƙwayoyi, rabinsu a waje, don wanda yatsunsa suka mutu ya iya kama ɗaya da tafukansa biyu ko da haƙori. Na ga Persis ta mayar da wani babban mutum daga bakin jirgi, da furfurarsa, saboda ya bar ƙirare masu kauri.

'Yata Maren tana da shekara ashirin da shida. A kogin nan ta girma, ta ratsa Maƙoshi sau da yawa, har takan jagoranci baƙi. A ƙarshen watan Agusta na wata shekara ta gangaro da abokin karatunta, Jules, ɗan yankin Kebek. Sun duba ruwan daga tudu, suka ga zai yiwu. Kwalekwalen ya kife a lanƙwasa ta biyu. Ruwa ya tofo Jules a gaban ɗakin. Ya ja jiki, ya faɗa wa ƙofa, ya kama ashana da tafukansa, ya rayu. Maren kuwa Amos ne ya same ta bayan kwanaki, a kan wani tsibirin tsakuwa can ƙasa. Ba ni da abin da zan ƙara a kan wannan.

Persis ta zo gidana da busasshen kifi. Ba ta yi min dogon jawabi ba, ta zauna har shayi ya huce, ta tashi. Washegarin jana'iza ta sa Amos ya kai ta Maƙoshi. Wasu a gari suka ce tsohuwa ba ta da kara, ana zaman makoki ta tafi yawon daji. Da ta dawo ta ce da ni, "Yaron nan ya ƙone wutar, jirgi ya ɗauke shi bai shirya wata ba. Ba laifinsa ba ne. Amma akwai mutane a sama suna gangarowa."

Bayan shekara biyu kamfanin da ke kawo yawancin baƙinmu ya karɓi hayar filin da ke ƙasan Maƙoshi don ya kafa sansani, ɗakin kuwa ya faɗa cikin filin. Manajansu, Hruska, mutum ne dogo mai sanyin magana, ya yi shekaru yana tuƙi a kogunan arewa kafin ya zauna a ofis. Ni ya fara zuwa gani. Ya cire hula a bakin ƙofa.

"Noreen, masu inshora sun ce a kulle ɗakin. Sun ce muddin yana buɗe, mutane za su riƙa bi ta ciki suna cewa ai akwai wuta a ƙasa. Za mu sa kwado mai lamba, duk wanda ya yi rajista da mu a ba shi lambar. Kuma muna so mu sa sunan Maren a jikin ƙofar, idan kin yarda."

Na ce masa Maren ba don ɗakin ta bi ta ciki ba, kuma ban yarda ba.

"Na san ba don shi ba ne," in ji shi.

"Ka kuma san mutumin da ya fito daga ruwan nan ba zai iya juya lamba ba."

"Na sani. Na taɓa faɗawa ruwa, a wani kogin. Na faɗa musu. Sun ce ko kwado, ko su janye, idan suka janye kuwa babu kamfani, mutum tara a garin nan ba su da aiki."

Ɗaya daga cikin taran nan Amos ne. Shi ke tuƙa musu jirgin kaya, shi kuma aka ba kwadon ya je ya maƙala.

Persis ba ta je taro ba, ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta bari Amos ya dawo ya ci abinci, ta ce, "Gobe ka kai ni Maƙoshi."

"Inna, me za ki yi?"

"Zan duba kabarin kakanka. Ko shi ma an ba da hayarsa?"

Ya kai ta. Ta sa bayan gatari ta ɓalle marataya da kwadon gaba ɗaya, ta dawo da shi a aljihun rigarta, ta ajiye wa Hruska a kan tebur. "Manaja, na tsinci wannan a daji. Na ce kada ya yi tsatsa."

Aka sake ba Amos wani, wannan karon da ƙarfe mai kauri da ƙusoshi da suka ratsa katakon. Persis ta tafi da zarto ta yanke katakon da ke kewaye da su, ta toshe ramin da fatar karibu, wato barewar arewa. Gari ya ɗauka. A kanti ana tsokanar Amos: "Kai kam ka huta, albashi biyu. Da safe ka kai kwado, da yamma ka kai mai fasa shi." Wani ya ce, "Ina biyu? Tsohuwar ko kuɗin mai ba ta biya." Amos yana dariya da su, amma ya rame a bazarar nan. Yana da 'ya'ya uku, kuma Hruska ya gaya masa a fili cewa daga sama an fara tambayar wa ke kai ta, an kuma fara zancen 'yan sanda.

Karo na uku suka kawo sandar ƙarfe da ta gitta ƙofar daga bango zuwa bango. Amos ya zauna a ɗakin girkin uwarsa, ina nan, ya ce, "Inna, ba zan ƙara kai ki ba."

"To."

"Ba don ban ga gaskiyarki ba."

"Na ce to. Ka ci kifinka." Ta juyo gare ni. "Malamar Ruwa, jirginki yana tashi, ko shi ma ya yi ritaya?"

Tun rasuwar Maren ban wuce lanƙwasar farko ta sama da gari ba. Na ce mata yana tashi. Na tambaye ta ko za mu nemi zarton ƙarfe. Ta ce a'a, ta gaji da sassaƙa. Ta ce in jira har ta gaya min ranar.

Ranar ta zo a tsakiyar Satumba, lokacin da ganyen gaɓa ya gama zama rawaya, karibu suka fara tsallake kogi zuwa kudu. Kayan da ta sa aka loda sun ba ni mamaki: buhun gari, man girki, daurin busasshen kifi, shayi, bargunan fata, bindigar Lazarus. Na ce, "Yaya, wannan ai ba kayan kwana biyu ba ne." Ta ce, "Ke dai tuƙa."

Mun iske mutanen kamfani suna tashin sansani. Ƙofar ɗakin a buɗe take, sandar ƙarfen na jingine a bango, Hruska da Amos suna shigar da tantuna don a adana su a ciki har baɗi. Baƙin ƙarshe na shekarar, wasu Jamusawa, suna zaune a kan akwatuna suna jiran jirgi. Persis ta sauka da sandarta, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta wuce ta gefen Hruska ta shiga, ta zauna a kan gadon katako ta fara kwance takalmi.

"Jijuu," in ji Hruska, haka yara da baƙi ke kiranta, wato kaka, "za mu rufe yanzu."

"Rufe mana, ɗan nan. Wa ya riƙe ka?"

"Sai kin fito."

"A'a, ni nan zan kwana. Ka sa ƙarfenka. Ka ba ni lambar ta taga, in na so fitsari sai in kira ka."

Amos ya ajiye abin da ke hannunsa. "Inna, don Allah. Gaban mutane."

"Su ma su shigo, akwai shayi. Kai, Amos, kana tsaye kamar turke, ga kayana a jirgin Malama."

Hruska ya durƙusa a bakin ƙofa don ya daidaita da ita. "Jijuu, ƙanƙara na zuwa. Da zarar ta fara gudu a kogi, jirgi ba zai iya hawa ba, babur ɗin ƙanƙara kuma ba zai zo ba sai ta daskare. Makonni ke nan. Kin fi ni sani."

"To tunda na fi ka sani, me kake gaya min?"

"Idan wani abu ya same ki fa?"

"Sai ka sa sunana a ƙofar. Na ji kana neman suna."

Hruska ya miƙe. Ya dubi Amos, ya dubi Jamusawan da suka miƙe suna leƙe, ya dube ni. Ba zai iya kulle tsohuwa a ciki ba, ba kuma wanda zai ɗauke ta cak a fitar. Ya ce zai yi magana da na sama, ya ce zai turo Amos da jirgin ƙarshe. Ta ce ya turo da sukari. Suka tafi, ni na zauna da ita.

Jirgin ƙarshe ya zo da ƙanƙara ta fara kama bakin gaɓa kamar ɓawon ƙwai. Amos ya kawo sukarin, da saƙo cewa kamfani bai canja magana ba. Ya roƙe ta a ɗaki, ya roƙe ta a waje inda take faskare. Ya ce jikokinta na tambayarta.

"Ka ce musu kakarsu na gadi."

"Gadin me, Inna? Ba kowa a kogi yanzu. Ki zo, baɗi mu sake."

"Ina sa ƙafa a jirginka, wani ya zo ya gitta ƙarfen nan. Hunturu kuma ba a faɗawa ruwa? Ubanka a watan Maris ƙanƙara ta burme da shi, nan gaban dutsen can. Da wace ƙofa kake tsammani ya shigo har aka haife ka?"

Amos ya juyo gare ni. "Anti Noreen, ke ki yi mata magana. Ki hau, ni zan ja jirginki."

Na ce masa ya ja jirgin, amma ni ina nan. Ban shirya faɗin haka ba, ko da yake na zo da wayar tauraron ɗan'adam ta aikina da kayan sanyi fiye da na tafiyar kwana biyu. Persis ta miƙo min gatari.

Daga nan kogin ya rufe mana hanya. Da farko ƙanƙarar takan taho faifai-faifai, tana gogar juna da wani sauti kamar ana niƙa. Maƙoshi kan tara ta ya toshe, ruwa ya ja baya, sai ya ɓalle da ƙara. Rana ta riƙa gajarta har ta zama ɗan haske a kan dutsen kudu. Aikinmu itace da ruwa da girki. Persis na yin burodin kasko, tana ce min hannuna na biro ne. Ni kuma ina fita bakin ruwa kowace safiya in duba sanyi da kaurin ƙanƙarar gaɓa, don ban iya zama ban auna ba.

Daga ƙofar ana ganin bakin Maƙoshi. Na daɗe ban iya kallonsa ba, sai wata rana na ga na tsaya da bokiti ina kallo. Persis ta fito ta tsaya kusa da ni.

"Yarinyar nan ta iya ruwa," in ji ta. "Kada ki bari su mayar da ita wawiya don su samu dalilin kwado."

Na ce ba zan bari ba.

"Nawa ɗan da na binne, zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ba wanda ya zo ya ce min zai kulle wani abu da sunansa." Ta karɓi bokitin. "Shigo, kunnenki ya yi fari."

Tarin ya fara mata a hankali. Ta ce hayaƙi ne. Bayan 'yan kwanaki ya sauka ƙirji, ta daina fita faskare, ta daina gama shayinta. Na taɓa goshinta na ce zan kira jirgi mai saukar ungulu.

"Ki kira, su ɗauke ni, su kulle. Shi ke nan na sha sanyin banza."

"Yaya, kogin nan ya karɓi mutum ɗaya a hannuna."

"Ni ba kogi ne zai karɓe ni ba, ina kan gado. Ki ba ni magana: ba za ki kira ba sai na kasa zagin ki."

Na ba ta, da sharaɗin cewa ranar da na ga numfashinta ya canja ba zan tambaye ta ba. Ta ce ranar ai ba ta da bakin hanawa.

Wayar kuwa na yi amfani da ita ta wata hanya. Kowace safiya ina kiran Hruska a ofishinsa na kudu. Ban roƙe shi komai ba, ban ɗaga murya ba. Nakan gaya masa sanyin waje, da yanayin ƙanƙara, da zafin jikin Persis, da abin da ta iya ci, in ce ya isar wa masu inshora cewa a filin hayar kamfani akwai mace mai shekara saba'in da huɗu da ciwon ƙirji, ƙofa kuma a buɗe take. Sai in kashe. A farko yakan ce, "Noreen, ki bari in turo jirgi." Nakan ce ta ƙi. Daga baya ya daina cewa komai sai, "Na ji." Wata safiya ya ce, "Tana jina?" Na kara mata wayar a kunne.

"Jijuu, ni ne."

"Na gane muryar mai kwado. Yaya iyali?"

"Lafiya. Jijuu, kin ci nasara a kaina tun ranar farko, ba ni ne matsalar ba."

"To ka matsa mana in ga na bayanka."

Ban san abin da ya faɗa musu ba, ban kuma san sau nawa ya faɗa ba. Na dai san cewa a wata safiya mai tsananin sanyi, da Persis ta kwana a zaune don kwanciya na hana ta numfashi, shi ne ya riga ni magana. Ya ce kamfani ya cire ɗakin da ɗan filin da ke kewaye da shi daga cikin hayar. Masu inshora sun ce abin da ba nasu ba, ba ruwansu da shi. Sansanin za a matsar da shi ƙasa.

Na gaya wa Persis. Ta buɗe ido ta ce, "To na waye yanzu?"

"Ba na kowa ba."

"Da ma." Ta yi tari ta huta. "Ƙarfen fa?"

Maratayan sandar suna nan a bango, dama da hagu. Na fita da abin kwance ƙusa na kamfanin da suka bari cikin kayan tantuna. Sanyi ya sa sai na riƙa shiga ina gasa hannu ina komawa. Da na gama na shigo da su na nuna mata, ta taɓa kowanne da yatsa. Sannan ta ce, "Yanzu kira ungulun naki."

Hazo ya hana jirgin tashi ranar, ya hana washegari. Amos ne ya iso, a kan babur ɗin ƙanƙara, ta bakin gaɓa, tun kafin kowa a gari ya yarda ƙanƙarar za ta ɗauki mutum. Wandonsa ya daskare har gwiwa, alamar ya burma a wani wuri. Ya shigo bai yi sallama ba, ya tsaya a kanta.

"Inna."

"Ka makara. Ka zo da taba?"

"Taba? Kina wannan tarin?"

"Ba ni ba, Malama ce ta koyi sha." Ƙarya take yi, kuma a nan ne Amos ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Jirgin ya zo da hazo ya ɗaga. Ta yi makonni a asibiti a kudu, huhunta ɗaya bai koma daidai ba. Ba ta ƙara hawa kogi ba; ko tudun kanti sai ta huta sau biyu. Da bazara ta zagayo kamfanin ya ɗauki wani matuƙi, ba a gaya wa Amos dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Yanzu yana aikin share filin jirgin sama, albashin bai kai na da ba. Matarsa ta daɗe ba ta shiga gidan Persis ba. Ban ga Persis ta ba kowa haƙuri ba.

Da ta ga ba za ta iya zuwa da kanta ba, ta tara mu a ɗakin girkinta ta raba mana shekara da baki: wane bayan narkewar ƙanƙara, wance lokacin kifi, Amos tsakiyar hunturu, ni ƙarshen Agusta. Ba ta tambaye ni ko ina so ba. Ana cikin haka Hruska ya ƙwanƙwasa, ya zo gari shirya bazara, ya ji ana taro. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce idan akwai gurbi, shi ma yana wucewa ta wurin.

Persis ta kalle shi daga sama har ƙasa. Ta ce da Amos, "Ba shi farkon Yuli."

"Inna, lokacin ne fa sauro ke hana mutum buɗe baki."

"Na sani," in ji ta. "Manaja, zauna, shayi ya yi."